Shagon PlayStation kusa da masallaci: a rufe, ko a bar yaro ya nemi abincinsa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ban zo da faɗa ba. Ƙanena ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi, takarda na hannu, aiki shiru. Da zaman ya ishe shi sai muka haɗa masa ɗan jari, ya sayo PS4 biyu da PS3 guda, duk na hannu, da tele uku da sola da batir, ya kama shago a bakin layinmu. Wasa guda dala 20, wato sefa 100. Alhamdu lillahi yana samun na cefane, har yana taimaka wa tsohuwa. To matsalar ita ce gida huɗu ne tsakanin shagon da masallacin unguwa. Dattawa sun kai ƙara wurin mai unguwa a kan abu uku: ƙarar kiɗa, yara ba su tashi in an kira salla, kuma wai caca ake yi a ciki. An ce mu zo ranar Lahadi bayan la'asar. Ni ne babba, ni zan yi magana. Me zan je in ce?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ka je ka ce musu sun yi gaskiya. A sayar da kayan, a zuba masa shinkafa da mai da sukari a shagon. Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa da mafi alheri.

Ɗan Kabu-kabu:
Shagon shinkafa nawa ne a layin? Ka ƙirga min su tukuna.

Mai Maneti:
Ni dai abin da ke ba ni haushi, duk wanda bai taɓa riƙe maneti ba, abin da ake danna wasan da shi, shi ne ya fi kowa sanin illarta. Balo ne fa ake bugawa. Real da Barsa, ko Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, in an sa ta a ciki. Ba giya, ba ƙwaya, ba mace. Yaron da ke zaune nan ka san inda yake. Wanda ba ya nan, je ka duba bayan tasha da dare ka ga abin da yake sha.

Abu Sumayya:
Wannan hujja ta "gara wannan da wancan" ita ta kai mu inda muke. Ba a auna ɓarna da ɓarnar da ta fi ta.

Uwar Biyu:
Ina da yara maza biyu, ɗaya a kwaleji ɗaya a firamare, don haka maganar ta shafe ni kai tsaye. Ɗan Bagalam, ka faɗa mana gaskiya, ƙanen naka yana kashe tele in an kira salla?

Ɗan Bagalam:
Gaskiya Yaya, magariba yana kashewa. La'asar da isha'i kuwa sai in wasa ya ƙare. Yana cewa in ya kashe a tsakiyar wasa sai yaran su ce a mayar musu da kuɗinsu.

Uwar Biyu:
To ka ga a nan dattawa ba su yi masa ƙage ba.

Malam Na Limanci:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ina roƙo a rarrabe abubuwan, don an cusa mas'ala uku a buhu guda, kuma kowace da hukuncinta.

Wasan kansa tukuna. Abin da nassi ya zo da shi ƙarara shi ne nardu, wasan da ake jefa ƙwayar sa'a. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardashir kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa wanda ya yi wasan nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Mai Risala, wadda duk muka karanta a zaure, ya haɗa da shaɗranji ya ce ba su halatta. To balo na cikin tele ba ƙwayar sa'a a cikinsa, gwanintar hannu ce da ido. Malaman zamani da dama sun tafi a kan cewa irin wannan asalinsa halas ne matuƙar bai ja mutum ga barin wajibi ko aikata haram ba. Wasu sun ƙi shi don ɓata lokaci. Wannan saɓani ne, ba a fasa kan kowa a kansa.

Salla kuwa ba saɓani. In wasa ya hana salla a lokacinta, wasan ya zama laifi ko da dara ce a gindin bedi.

Ta uku ita ce na fi son ɗan'uwa ya ba ni amsa a kanta kafin in ce komai: wa ke biyan dala 20 ɗin?

Ɗan Bagalam:
Allah gafarta Malam, wanda aka ci shi ke biya. Haka ake yi ko'ina a garin nan.

Malam Na Limanci:
To nan gizo ke saƙar. Mutum biyu sun zauna, kowa ya shiga yana tsakanin ya yi wasa kyauta ko ya biya wa kansa da abokinsa, kuma sakamakon wasan ne zai raba. Wannan ita ce surar caca a wurin malamai, ko da kuɗin bai shiga aljihun wanda ya ci ba, domin an ɗauke masa nauyin da ke kansa. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canza hukunci. Kuma dubi abin da Allah ya ce a Ma'ida aya ta 91, cewa Shaiɗan na son ya jefa gaba da ƙiyayya tsakaninku ta hanyar giya da caca, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Ka tambayi ƙanenka sau nawa ake zage-zage a shagon a kan wa zai biya. Maganinta mai sauƙi ne: kowa ya aje dala 10 kafin a fara, ko ɗaya ya ce na biya mana tun farko, a ci shi ko ya ci.

Mai Maneti:
Malam, da girmanka, in aka cire wannan an cire gishirin wasan. Wa zai dage in ya san ko an ba shi 5 da nema aljihunsa lafiya lau?

Malam Na Limanci:
Ɗana, ai ka faɗi hujjata da bakinka.

Ɗan Kabu-kabu:
Hahaha, Mai Maneti, an yi maka fenariti a minti na 90.

Mushe Na Burja:
Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, bari in faɗi abin da nake gani da idona. Ƙarfe 10 aka fita hutun rabin awa, yaro ya ruga shagon wasa da dala 20 ɗin da uwarsa ta ba shi ya sayi ƙosai. In ya ci, ya zauna, don wanda ya ci ba ya tashi, sai an zo an cire shi. Gwanin cikinsu kenan shi ne ba zai dawo aji ba. Wanda aka ci kuma ya dawo min da yunwa da fushi, ya kifa kai a tebur. Ka ga tsarin nan na wanda aka ci ya biya, ko ba a kawo maganar addini ba, yana cinye min yara ta gefe biyu. Ba na goyon bayan a rufe shagon, domin na san mai shagon ma ɗalibin wani ne jiya. Amma yaro da kayan lakwal a jiki, daga safe har a tashi, kada ya taka ƙofar.

Baba Alhaji Mai Goro:
Mu a zamaninmu ba mu san wannan shirme ba. Yaro in ya taso daga makarantar allo gona zai nufa ko kiwo. Da dare a yi langa a dandali, a yi kokowa, jiki ya yi ƙwari. Yanzu yaro ɗan shekara 15 ba ya iya ɗaukar buhun gero rabi, yatsu kaɗai ke aiki.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma zan faɗi wata magana a yi min haƙuri. Kullum ina wucewa ta wata majalisar dattawa kusa da babbar kasuwa. Salula guda a tsakiyar tabarma, mutum huɗu sun kewaye ta, ludo suke bugawa. Har ana cewa "shida, shida, Allah kawo shida". To bisa bayanin da Malam ya yi yanzu, wanne ne ya fi kusa da nardu, balon yara ko ludon manya?

Hajiya Mai Aya:
Kai yaron nan, Allah ya shirye ka. Ka taɓo inda ke ƙaiƙayi.

Baba Alhaji Mai Goro:
Ni ba na cikinsu. Dara nake yi, ita ma sai bayan la'asar.

Malam Na Limanci:
Tambayar ɗan kabu-kabu tana kan hanya. Ludo da ƙwayar sa'a ake yin ta, kuma malamai da yawa sun sa ta a ƙarƙashin hadisin nardu, ko ta katako ce ko ta salula. Dara kuwa lissafi ce, gida 30, kowa da 'ya'ya 12, ba abin da ake jefawa. Ba na faɗin haka don a je a ci mutuncin dattawa ranar Lahadi. Ɗan Bagalam, kada ka kuskura ka kai wannan magana gaban mai unguwa.

Ɗan Bagalam:
Wallahi Malam har na fara rubuta ta.

Abu Sumayya:
An bar babbar magana an kama ƙarama. Kiɗa fa? Shago gida huɗu da masallaci, sifika na ta zuba waƙoƙin soyayya, mutane na sujada suna jin ganga. Hadisin yana cikin Buhari, cewa za a samu wasu mutane daga al'ummar nan da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. An jera kayan kiɗa tare da giya. Me ya rage a tattauna?

Malam Na Limanci:
Hadisin yana nan kamar yadda ka faɗa, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa, Risala ma ta hana sauraren kayan wasa da waƙa da gangan. Amma amana ce a faɗi sauran: Ibn Hazm ya soki hujjar, ya halatta, kuma a Buhari da Muslim ɗin akwai hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bar su. Sai dai a mas'alar da ke gabanmu ba ma buƙatar shiga wannan kogi. Ko wanda ya halatta kiɗa bai halatta a dami masu salla da shi ba. Ko karatun Alƙur'ani ne ka ƙure sifika da shi har liman ya rikice, ka yi laifi.

DJ Ƙaramin Sarki:
Tun da an zo kan sana'ata bari in sa baki. Mutanen garin nan suna ba ni mamaki. Da rana a zage mu, da dare a kira mu biki. Wanda ya ce kiɗa haram ne a majalisa, ranar auren 'yarsa matarsa ce za ta kira ni ta ce in zo da manyan sifiku, kuma shi ya ba da kuɗin.

Abu Sumayya:
Ba a gidana ba.

DJ Ƙaramin Sarki:
Ban ce kai ba, Malam. Amma lambobin suna cikin salulata.

Baba Alhaji Mai Goro:
Ai abin da kuke sawa yanzu ba waƙa ba ce. Murya ta bi ta cikin na'ura ta fito kamar ta aljani, namiji da mace ba ka bambancewa. A saurari Shata, a saurari Ɗanƙwairo, a saurari Narambaɗa. Magana ce ake ɗaurawa, kowane ɗa da ma'anarsa, sai ka kwana kana juya shi. Ɗan Maraya da kuntiginsa kaɗai, tsirkiya guda, ya yi wa talaka waƙar da har gobe ba a yi irinta ba.

Mai Maneti:
Baba, ashe kai ma kana ji. Ɗazu muke shirme, yanzu ga ka da jerin mawaƙa.

Hajiya Mai Aya:
Ku bar Alhaji, gaskiya ya faɗa, amma ya tsallake na gida ya tafi Najeriya. Sa'adu Bori fa? Ɗan garin nan ne, ya ɗauki kiɗan da aka san mu da shi ya sa masa jita da gangunan zamani, aka ji shi har ƙasashen waje. Ranar da labarin haɗarin motarsa ya zo a 2008 mata da yawa a unguwarmu sun yi kuka. Kuma a lokacinsa shi ma an ce ya lalata yara, an ce bori yake tallatawa. Yau ga shi in aka sa shi a rediyo dattawa ne ke gyaɗa kai. Ni abin da ya dame ni da na yanzu ba na'urar ba ce, kalmomin ne. Akwai abin da jikata 'yar shekara 6 ke rerawa tana wanke-wanke, da na tsaya na saurara sai da na kashe mata rediyon. A bikinmu na da, kiɗan ƙwarya mata ke yi a cikin gida, akwai habaici, akwai batsa ma in za a faɗi gaskiya, amma ba yaro a wurin, ba namiji. Yanzu abin yana aljihun kowa.

DJ Ƙaramin Sarki:
Hajiya, wannan na yarda. Akwai waɗanda ni kaina ba na sawa in na ga yara a fili.

Mushe Na Burja:
A ƙara da kokowa. Lokacin gasar takobi garin nan kaf yana gaban tele, har da waɗanda ba su jin kiɗa. Ganguna na tashi, makaɗa na zuga 'yan kokowa, ga layu da guraye a jiki. Tun 1975 da Kantu ya ɗauko takobin farko a Tawa ya kawo Maraɗi ake wannan, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi. Ban taɓa jin an kai ƙarar mai tele wurin mai unguwa don ya kunna kokowa ba. Abin da muka saba da shi muna yi masa uzuri, wanda ya zo daga Japan kuwa sai mu ce shi ne Shaiɗan.

Abu Sumayya:
Malamanmu sun yi magana a kan layun kokowa, kuma suna yi duk shekara. Rashin jin mutane ba ya zama hujja.

Baba Alhaji Mai Goro:
A yi hattara dai da yadda ake zafafa irin wannan. Waɗanda suka ga abin da ya faru a garin nan a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, sun san inda abu ke farawa da inda yake ƙarewa. An ƙona wurare, an ji wa mutane ciwo. Ni ina son a gyara shagon nan, ba na son wani yaro mai zafin kai ya je ya fasa wa bawan Allah tele.

Abu Sumayya:
A kan wannan muna tare, Baba. Ba wanda ya ce a ɗauki doka a hannu.

Uwar Biyu:
Ni kuma bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, don duk kun tsaya a shago. Shagon nan da ƙofa, ina iya aika ƙaramin ya kira min babban. Salula fa? Babban nawa Free Fire yake yi, wani wasan harbe-harbe. Ƙarfe 1 na dare in leƙa ɗakinsu, ya lulluɓe da zane, haske na fitowa ta ƙasa, yana raɗa wa wasu da ban san su ba "ku zo ta hagu, ku zo ta hagu". Kuɗin da na ba shi na aski ya sa mega da su. Wata rana ya zo yana roƙona jika 2 wai zai sayi lu'ulu'u. Na ce lu'ulu'u a Maraɗi? Ashe riga ce zai saya wa ɗan mutumin da ke cikin wasan, alhali tasa rigar ta yage a hammata. In aka rufe shagon ƙanen Ɗan Bagalam, yaran nan ba masallaci za su koma ba, ƙarƙashin zane za su koma.

Mai Maneti:
Inna, wallahi kamar kin leƙo ɗakinmu.

Abu Sumayya:
Waɗannan na harbi ma sun fi muni. A 2020 PUBG sun sa gumaka a cikin wasan, ɗan wasa ya je gabansu ya rusuna don ya samu ƙarin ƙarfi. Sai da musulmi suka yi ca a ƙasashe da dama sannan kamfanin ya cire ya ba da haƙuri. Yaro ɗan shekara 12 ya san wannan shirka ce?

Mai Maneti:
An yi haka, gaskiya ne, kuma 'yan wasan ne da kansu suka fara ƙorafi, ba waɗanda ke waje ba. Amma a shagon da ake magana balo ne kawai. PES da FIFA, wadda tun 2023 ta koma FC.

Ɗan Bagalam:
Akwai na dambe guda da na tseren mota, amma balo aka fi yi.

Bakatsine:
Gaisuwa daga Katsina, 'yan'uwa. Mu ma duk wannan rigimar muna da ita, har da ta gidajen kallon ƙwallo. Amma ni tambayata daban: an ce akwai mai awara a ƙofar shagon? Domin duk shagon wasan da ba mai awara a bakinsa bai cika ba.

Ɗan Bagalam:
Akwai, wata bazawara ce maƙwabciyarmu, da marayu uku. Tun da aka buɗe shagon take ƙarar da roba biyu kafin isha'i. Ita ma hankalinta a tashe yake.

Hajiya Mai Aya:
To ka ga wannan ita ce maganar da za ka kai gaban mai unguwa, ba ludo ba. Bakin mutum nawa ke ci a shagon nan. Amma tun da an zo kan abinci, ni ina da ƙara a kan yaran yanzu gaba ɗaya. Yaro ya ƙi hura. Hura fa, wadda ta raini uwarsa da ubansa! A dama masa da nono mai kyau ya ce shi maka yake so, ko taliyar leda da ƙwai, ya kora da lemon kwalba mai sa bugun zuciya. Ƙasar da ta fi ko'ina aya a Nijar, kunun aya na sanyi dala 10 a ƙulle, amma sai ya sayi ruwan gwangwani na dala 60. Da azahar ka gan shi yana hamma.

Mai Maneti:
Hajiya, hura tana sa barci. Ba a shan ta kafin babban wasa.

Hajiya Mai Aya:
Kantu da me ya kayar da maza? Da taliyar leda?

Bakatsine:
Hajiya ta gama magana. Sai dai a yarda awararmu ta fi taku. Waken suyan ma daga wajenmu yake zuwa muku.

Ɗan Kabu-kabu:
Wake naku, hannu namu. Ku kuna soya ta ta bushe ƙamas. Zo Maraɗi ka ci wadda aka tsoma a ƙwai, a yanka mata albasar Galmi da kabeji, a barbaɗa yajin ƙuli. Kuma ku faɗa min inda kuke samun fara in ba mu kawo muku ba.

Bakatsine:
Fara kam na sallama. Buhu-buhu take shigo mana ta Jibiya.

Uwar Biyu:
Kun ga yadda maza suke. Ana maganar tarbiyyar yara sun koma awara.

Mushe Na Burja:
Yaya, ai ba a bar maganar ba. Dala 20 ɗin nan guda ce, ita ce ta awara, ita ce ta wasa. Wanda aka ci bai ci awara ba.

Ɗan Bagalam:
Jama'a, an yi zaman jiya, ga yadda ta kasance. Liman ya zo, mai unguwa, dattawa biyar, ni da ƙanena. Na bi shawarar Malam, ban ambaci ludo ba, ko da yake ɗaya daga cikin masu ƙarar ina ganin salularsa a aljihun gaba. Na fara da ba da haƙuri a kan salla. Na kawo maganar mai awara da marayunta. Liman ya ce shi tun farko bai nemi a rufe ba, sifikar ce ta hana shi jin kansa a isha'i. Abin da aka tsayar: sifika ta fita gaba ɗaya, sautin tele kawai. In an yi kiran salla ba a fara sabon wasa, wanda ke gudana a dakatar da shi a ci gaba bayan an sallame, a sauke ƙofa. Ba yaro mai kayan lakwal kafin a tashi. A rufe ƙarfe 11 na dare. Ranar Juma'a ba a buɗewa sai an sauko. Kuɗi kuma kowa dala 10 kafin a ba shi maneti. Wani dattijo ya so a ƙara cewa sai ɗan shekara 18, mai unguwa ya ce to wa zai riƙa duba takardar haihuwa a ƙofa.

Malam Na Limanci:
Madalla. Allah ya sa albarka a nemansa.

Abu Sumayya:
Ra'ayina bai canza ba, da shinkafa ya sa da ya fi. Amma wannan ya fi yadda ake da.

Mai Maneti:
Na je daren jiya. An aje dala 10-10 a gaban mai shago kamar yadda aka ce. Da aka fito waje wanda aka ci ya mayar wa wanda ya ci tasa. Ina faɗa ne kawai don kada a ce ba a sani ba.

Malam Na Limanci:
Wannan kuma tsakaninsu da Allah, mai shago ya fita. Amma kai da ka gani, ka gaya musu abin da ka karanta a nan?

Mai Maneti:
Malam, ni ne wanda ya ci.

Ɗan Kabu-kabu:
Innalillahi. Malam, a fara da wannan.

Mushe Na Burja:
Dokar kayan lakwal ma ina da shakka a kanta. Yau da safe na ga biyu daga ajina sun cusa rigar a jaka sun saka ta Barsa. Ɗan Bagalam, ka ce wa ƙanenka ya bar duba riga, ya duba agogo: kafin ƙarfe 1 ba yaro ko da wace riga ya zo. In yana so in turo masa jadawalin jarrabawa ma, makon nan da mai zuwa ya kore su duka.

Ɗan Bagalam:
Turo, Mushe. Sai dai safiyar ce yake samun cajin sola mai kyau, tun da aka yanke wutar Najeriya a Agustan 2023 ya daina dogara da ta layi ko bayan ta dawo. Zan ce ya bar safe ga manya, 'yan kabu-kabu da masu jiran kasuwa.

Ɗan Kabu-kabu:
Mu da safe muke aiki. Sai dai in zai rage mana zuwa dala 15.

Uwar Biyu:
Ni har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan salula. Malam, Mushe, in ƙwace ta gaba ɗaya ko in riƙa karɓa da dare in ba shi da safe? Uban ya ce a fasa ta, amma da ita ake turo musu darasi.

Mushe Na Burja:
Karɓa ƙarfe 9, ta kwana a ɗakinki, caja ma a ɗakinki. Kuma ki duba ko yana da ta biyu, don rabin ajina suna da ita.